Kafin a ce guba ce a tuwo, a tambaya me aka kunna a ɗakin

Malam Edita, assalamu alaikum.

Dan Allah a ɗan ba ni fili a shafin wasiƙu, wata magana ce ta daɗe tana ci min rai, ganin iskar sanyi ta fara kaɗawa ne yasa nace bari dai in rubuto. Duk shekara in hunturu ya shigo, ko kuma da bazara in wuta ta yi ƙaura kowa ya koma kan inji, sai mun karanta irin labarin nan a jaridu harda taku: an wayi gari an tsinci 'yan gida ɗaya a ɗaki babu rai, ko ango da amarya, ko samari a shago, sai a rufe labarin da cewa ana zargin guba aka sa musu a abinci, ana bincike. Shikenan, daga nan ba za ka sake jin komai ba. A unguwa kuma kowa ya ɗauki nasa, wannan yace kishiya ce, wancan yace aljanun gidan ne daman an daɗe ana faɗa. Ni dai ban cika ganin wakilin da ya tambayi masu gidan ko akwai janareta a lungu ko kaskon gawayi a tsakar ɗaki ba, alhali da yawa daga irin waɗannan mace-macen anan amsar take.

Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a nan Zariya, na kai shekara goma sha ina rubuta kabon monoksaid a allo ina cewa yara su haddace saboda jarrabawa, iska ce marar launi, marar wari, marar ɗanɗano. Toh wallahi duk da haka sai da ta kusa kashe min iyali a ɗakin da ke jikin nawa, ina kwance ina barci.

Abun ya faru ne a watan Janairu, lokacin maiɗakina na da kwana goma sha biyu da haihuwa. Tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da komai ya tashi sama muka ajiye tukunyar gas muka koma gawayi kamar kowa, to gawayi dai akwai shi buhu guda a gida. Inna, wato surukata, ta zo zaman jego, ita da maijego da jaririya da yarona ɗan shekara uku suna ɗaki ɗaya, ni ina falo. Daren an yi wani irin sanyi mai shiga ƙashi. Inna ta hura gawayi a kasko a tsakar gida, ta tsaya tana fifita shi har hayaƙin ya ƙare ya zama jajayen garwashi, sannan ta shiga da shi ɗaki, daman tun farkon sanyi an liƙe tagar da leda saboda ƙura, ta kuma cusa tsumma a ƙasan ƙofa kar iska ta bugi jaririya. Na ga shigarta da kaskon da idona. Abinda na ce mata kawai shi ne Inna a kula kar zani ya kama. Wuta nake tsoro, kaga malamin kimiyya kenan.

Wajen ƙarfe huɗu na dare kakarin aman yaron ne ya tashe ni. Na buɗe ƙofa na tarar da shi a ƙasa yana amai, uwarsa ta yunƙura za ta tashi ta koma ta zube, tana cewa kanta zai tsage kuma ƙafafunta ba nata ba ne, Inna na zaune a bakin gado tana magana kamar mai maye, jaririya kuwa shiru, ko motsin kirki babu. Kafin kace me maƙwabta sun cika gidan. Wata tsohuwa tace iska ce ta shafe su, daman maijego ba a barinta haka, a kawo garwashi a yi musu turare. Wata kuma ta kalli langar da ke gefen ƙofa tace wannan tuwon daga ina? Aka ce matar maƙwabcinmu ce ta aiko da daddare. Sai wurin ya yi tsit, kowa na kallon kowa.

Ni kaina a ruɗe nake, ina ta salati. Abinda ya farkar da ni shi ne minti kaɗan da tsayuwata a cikin ɗakin sai naji gefen kaina ya fara sarawa, ni kuma ban ci tuwon nan ba, a waje na ci abinci. Na juya na ga kaskon, toka a sama, ƙasa da sauran ja. Nan na fara ihu a fito da su waje, na yage ledar tagar, na hana a kawo garwashin turaren nan, har tsohuwar ta yi fushi tace 'yan boko ba ku yarda da komai ba. Da an kawo shi da an ƙara musu abinda ke kashe su ne.

Bari in ɗan yi bayanin abun yadda nake yi wa ɗalibai yanzu, don tun daga ranar na daina karantar da shi kamar hadda. Duk abinda ke ci da wuta, itace ne ko gawayi ko kananzir ko fetur ko gas ko taba, in ya samu isasshiyar iska yana fitar da kabon dayoksaid ne, irin wadda mu ma muke fitarwa in mun yi numfashi. In iskar ta yi masa kaɗan sai ƙonewar ta zama rabi da rabi, ya fitar da kabon monoksaid. A ɗakin da aka toshe, wutar da mutanen duk suna rabon iska ɗaya ne, tana raguwa wutar na ƙara fitar da gubar. Babbar yaudarar kuma ita ce wadda ta yaudari Inna: hayaƙin da ake gani, mai sa hawaye da tari, shi ne ke korar mutum daga ɗaki, shi kuwa garwashin da ya yi ja ya daina hayaƙi bai daina fitar da wannan iska ba, kawai dai ya daina yi maka gargaɗi ne.

A cikin jini akwai abinda ake kira himoglobin, shi ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya kai ta ƙwaƙwalwa da zuciya da ko'ina. Ka ɗauke shi kamar Adaidaita mai kujera huɗu, don da gaske guri huɗu gare shi. Kabon monoksaid wani irin fasinja ne da ya fi oksijin iya kama kujera sau fiye da 200, in ya zauna kuma ba ya son sauka. Bai tsaya nan ba, zamansa kan sa sauran fasinjojin oksijin da ke ciki su ma su maƙale su ƙi sauka in an zo inda ake jiransu. Saboda haka mutum na numfashi, ƙirji na hawa na sauka, jini na zagayawa, amma ƙwaƙwalwa na can tana jiran kayan da ba a sauke ba. Shi yasa ciwon kai da jiri da tashin zuciya da mutuwar jiki ke fara zuwa, wanda mu nan kowa zai ce maleriya ce ko taifot a tafi kemis. In adadin kujerun da ya kama a jini ya kai wajen kashi 30 zuwa 40 cikin 100 tunani ya fara rikicewa mutum ya kasa ko tashi ya buɗe ƙofa, in ya haura 50 kuwa ana maganar suma da mutuwa ne. Mai barci ma ba zai ji ko ciwon kan ba, daga barcin sai wucewa.

Tambayar da mutanen unguwa suka riƙe da ita, wadda ta sa suka ƙi sakin zancen tuwo, ita ce wai in iskar ɗaki ce me ya sa ba ta kama su daidai ba? Ga Inna da ƙafarta ta shiga mota, ga maijego sai ɗaukarta aka yi. To ai ba a taɓa kamuwa daidai. Yawan abinda ke taruwa a jini ya danganta da yawan gubar a iskar da kake shaƙa, da tsawon lokacin da ka ɗauka a ciki, da kuma saurin numfashinka. Inna na kwance ne ta wajen ƙofa kuma ta fita sau biyu a daren kama ruwa, ta sha iskar waje. Yaro ƙarami ya fi babba saurin numfashi, kuma jikinsa ya fi cin oksijin in aka kwatanta da girmansa, shi yasa shi ya fara amai. Maijego kuwa ta zubar da jini wajen haihuwa, motocin nata daman sun yi ƙaranci, in aka kwace wasu me ya rage? Haka mai ciwon zuciya da tsoho, adadin da saurayi zai ɗauka ya ce kansa kawai ke ciwo shi zai iya kai shi ƙasa. Masu sikila ma, da ƙasarmu ta fi kowace ƙasa yawansu, nasu ya zama biyu: ga ƙarancin jini, ga shi jikin ɗan Adam da kansa yana samar da ɗan kabon monoksaid in jajayen ƙwayoyin jini suna fashewa, nasu kuma suna fashewa da wuri, to daman suna yawo da ɗan ƙari fiye da sauran mutane.

Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce mai ciki. Jinin ɗan tayi ya fi na uwarsa riƙe wannan iska, kuma ya fi jinkirin sakinta. Uwa za ta iya warwarewa ta ce ai na ji sauƙi, abinda ke cikinta bai gama fita daga haɗari ba. Jariri sabon haihuwa ma har yanzu mafi yawan jininsa irin na ciki ne. Ka tuna kuma su wa muke tarawa a ɗaki mu rufe mu kai musu kasko saboda tausayi: maijego da jariri da tsoho da marar lafiya.

A asibitin da muka je nas ta maƙala wa maiɗakina ɗan abin nan na yatsa, ya nuna 98, tace iskarta lafiya lau, ƙila abinci ne ya ɓata musu ciki. Ban ga laifinta ba, abin yatsan ne ba ya iya bambance jinin da ya ɗauko oksijin da wanda ya ɗauko guba, duk cikakkiyar mota yake gani. Allah ya haɗa mu da wani matashin likita, yana jin mutum huɗu ɗaki ɗaya ciwo iri ɗaya tambayarsa ta farko ita ce me kuka kunna a ɗakin. Ya sa aka ɗaura musu oksijin nan take. Ba su da na'urar auna adadin a jini, da labarin kawai ya yi aiki. Lissafin kuwa mai sauƙi ne, in mutum ya fito iskar waje yana ɗaukar wajen awa 5 kafin rabin abinda ke jininsa ya fita, wato mai kashi 32 bayan awa 5 yana da 16, bayan awa 10 yana da 8, duk tsawon nan ƙwaƙwalwa na shan wahala. Da tsantsar oksijin a hanci kuwa rabin na fita ne cikin awa ɗaya da ɗan wani abu. Manja da madara da albasa a hanci da muke ɗura wa mutane ba sa sauke ko fasinja ɗaya, ɗura wa wanda ya suma ma sai dai ya sarƙe shi. Likitan ya kuma ja kunnena in sa ido har wajen wata guda ko fiye, don wasu sai sun warke sarai sannan bayan kwanaki ko makonni mantuwa ko canjin hali ko rikicewar tafiya ya biyo baya, a nan ma sai mu ce an yi musu asiri.

Gawayi na ba da misali don shi ya same ni, amma inji ya fi shi sauri nesa ba kusa ba. Hukumomin Amurka sun sha faɗin cewa ƙaramin janareta ɗaya na iya fitar da wannan iska kamar ta ɗaruruwan motoci, kuma shawararsu a ajiye shi aƙalla ƙafa 20 daga gida, wajen mita 6 kenan, salansa na kallon wani gefen. Can ɗin ma da duk wayewarsu sama da mutum 400 take kashewa a shekara, ban da na gobara. A watan Disambar 2024 a wani wurin shaƙatawa da ake kira Gudauri a ƙasar Jojiya mutum 12 aka tarar sun mutu a ɗakunan kwanansu a saman wani gidan abincin Indiyawa, an ɗauke wuta aka kunna janareta a cikin ginin. To mu fa, ina muke ajiye namu? A soro, a lungun banɗaki, a ƙarƙashin matattakalar bene, a baranda daidai tagar maƙwabci, mai shago kuma ya ja ƙofar ƙarfe ya rufe da shi a ciki ya kwanta yana cajin waya. Na san dalili, ɓarayi ne da ruwan sama da gajeriyar waya, ba wauta ba ce. Amma kuɗin da mai walda zai karɓa ya yi maka keji a waje da kwaɗo, da 'yan yadin waya da za ka ƙara, ai bai kai kuɗin kwana ɗaya a gadon asibiti ba. Wai kuma a ce an buɗe taga ɗaya ko an kunna fanka, wannan ba ya isa ga inji.

Akwai kuma waɗanda nasu ba na dare ɗaya ba ne, kullum da shi suke yawo. Wanda ba ya shan taba adadin da ke jininsa bai cika wuce kashi 1 zuwa 2 ba, mai shan taba kuwa yana kaiwa 5 har 10, mai zuƙa kwali-kwali ma ya wuce haka. In irin wannan ya kwana a ɗakin kasko ba daga sifili ya fara ba. Shisha da yaranmu suka ɗauka gayu ce ta fi muni ta wannan fuskar, don garwashi ne a samanta ana jan iskarsa kai tsaye zuwa huhu na tsawon awa, ruwan da ke ƙasa sanyaya hayaƙin kawai yake yi ba ya tace wannan iska, ga shi a ɗaki rufe ake sha ana kunna esi. Da yawa cikin masu yanke jiki su faɗi a wurin sha ana cewa ta bugar da su, wannan ce. Kenya da Ruwanda tun 2017 suka hana ta. Abin daɗi kawai shi ne wanda ya ajiye taba cikin kwana ɗaya zuwa biyu jininsa ke komawa kamar na kowa ta wannan ɓangaren, ko mai azumi ma daga sahur zuwa magariba ya zubar da fiye da rabi, sai ya sha ruwa ya mayar da abinsa.

Ka ƙara da mai tsire a kan tukuba, da mai tuyar ƙosai a rumfa, da ma'aikatan gidan biredi, da matan da ke girkin biki a kicin ɗin da bango ya yi baƙi ƙirin, da yaran da ake sa su kwana da 'yan tsaki a ɗakin da aka lulluɓe da leda aka jera kaskon gawayi. Sai 'yan Adaidaita da masu ba da hannu a titi da ke wuni a cunkoso. Motocinmu da yawa an cire musu abin nan na cikin salansa da makanikai ke kira Indomie an sayar, alhali aikinsa shi ne mayar da wannan guba iskar da ba ta kisa kafin ta fito. Direban da salansarsa ta huje ya rufe gilashi ya ɗauki hanyar Kaduna zuwa Kano, ya isa da ciwon kai da gyangyaɗi, sai yace gajiya ce ya sayi goro. Ko mai gas ya duba wutarsa, shuɗiya ake so, in ta koma ruwan ɗorawa tana baƙanta gindin tukunya to ƙonewar ba ta cika ba.

Turawa ma da wahala suka gane. Wani likita ɗan Sikotland, John Scott Haldane, shi ya bi gawarwakin masu haƙar kwal bayan fashewar wata mahaƙa a yankin Wales a 1896 ya gano yawancinsu ba fashewar ce ta kashe su ba, iskar da ta biyo baya ce. Mutumin nan har a kan kansa ya yi gwaji, yana shaƙa ana auna jininsa. Shi ya kawo dabarar shiga rami da ɓera ko ɗan tsuntsu, don ƙaramar halitta ta fi saurin faɗuwa, kuma Birtaniya ba ta daina amfani da tsuntsun kanari a mahaƙanta ba sai 1986. Yanzu 'yar na'ura ce mai batir kamar tafin hannu, ana maƙala ta a bango, in iskar ta taru sai ta yi ta ƙara. Ni sai da na sa aka yo min odar tawa, don na zaga shagunan masu sayar da inji da kayan wuta a nan ana kallona kamar na zo da sabon yare. 'Yan kasuwarmu da ke cika kwantena da janareta me zai hana su haɗo da ita?

Roƙona gare ku Malam Edita ba mai yawa ba ne. In wakilinku ya je gidan da aka kwana lafiya aka tashi da gawarwaki, kafin ya rubuta kalmar guba ya leƙa ya ga ina inji yake, akwai kasko ko risho a ɗakin, tagar a buɗe take ko a liƙe, akwai mage ko kaza da ta mutu tare da su. In sakamakon bincike ya fito ku dawo ku faɗa mana ko da layi uku ne. Sannan in Nuwamba ta kama ku riƙa tunatarwa da Hausar da Inna za ta gane in an karanta mata, a ɗumama ɗaki da garwashi in za a yi, amma a fitar da shi waje kafin a kwanta, a bar wata kafa iska na shiga, kuma in mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai lokaci guda a fita waje tukun sannan a nemi dalili. Limamai ma in suka sa shi a huɗuba Juma'a ɗaya sun fi ni da allona isa.

Iyalina dai Alhamdulillah duk sun tashi, jaririyar nan ga ta tana gudu a tsakar gida. Inna har gobe ba ta yarda kaskonta ne ba, tace shekara nawa tana yi, a ƙauye ma a kan gadon wuta suka yi jego, na ce mata Inna ɗakin ƙauye na jinka ne iska na ratsawa ta ko'ina, wannan kuwa siminti ne da silin da leda, ta ce uhm. Matar maƙwabcina kuwa zancen ya je kunnenta tun kafin mu dawo daga asibiti. Na je har gida na ba mijinta haƙuri, na yi musu bayanin nan kaf harda zancen Adaidaita, suka ce ba komai Allah ya ƙara kiyayewa. Muna gaisawa lafiya lau, amma tun daga ranar ko ƙosan sadaka bai sake shigowa gidanmu daga wajenta ba, langar ma yaro ta aiko ya karɓa.

Naku,
wani malamin kimiyya, daga Zariya.